Mai Hangen Shekara Uku Gaba: Nazarin Aikin Tony Lucadello, Mafaraucin 'Yan Wasan Besbol

A watan Yunin 1971, ƙungiyoyi 24 na babban lig ɗin besbol na Amurka suka zauna rabon matasan 'yan wasa, kowace tana ɗauka bi da bi. Aka gama zagayen farko, an kira sunaye 24, babu na Mike Schmidt a ciki. Ita kanta ƙungiyar Phillies ta birnin Filadelfiya, da layi ya zo kanta a na shida, wani mai jifa ta ɗauka, Roy Thomas, wanda har ya bar ta bai buga mata wasa ko ɗaya a babban lig ba. Sai a zagaye na biyu, a lamba ta 30, ta kira Schmidt. Yaron da aka tsallake sau 29 shi ne ya zo ya zama ɗan wasan da ya fi kowa a tarihin ƙungiyar.

Wanda ya dage a kan wannan zaɓi wani dattijo ne ɗan shekara 58 da ke zaune a Fostoria, ƙaramin gari a jihar Ohio. Sunansa Tony Lucadello, sana'arsa farautar 'yan wasa: ya shiga mota ya bi filayen makarantun sakandare da na jami'o'i da na unguwanni, ya kalli yara suna wasa, ya rubuta wa ƙungiyarsa wanda ya cancanci a kashe wa kuɗi. Ya yi wa Cubs ta birnin Shikago wannan aiki daga 1943 zuwa 1957, sannan ya koma Phillies, bai bar ta ba har rasuwarsa a 1989. Cikin yaran da ya ɗauko, 52 sun kai babban lig. Biyu daga cikinsu, Schmidt da Ferguson Jenkins, suna Zauren Gwarazan Besbol da ke garin Cooperstown a jihar New York.

Masu ba da labarinsa sukan tsaya a kan wannan 52. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya sami yaran bayan ya miƙa su ga masu gidansa.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga shi a taƙaice. Ƙungiyoyi biyu ne, kowace da mutum tara. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, ya wurgo ƙwallo mai tauri wadda ba ta fi cikin tafin hannu ba, mai bugu na ɗaya ɓangaren yana jira da kulki. In ya buga, sai ya ruga ya bi tashoshi uku ya dawo gida, wato inda ya fara, su kuma masu tsaron fili suna ƙoƙarin kama ƙwallon su riga shi. Wanda ya dawo gida ya ci maki ɗaya. In bugun ya yi ƙarfi har ƙwallon ta tsallake katangar fili, shi ake kira hom-ron, mai shi ya zagaya a tsanake ba mai tare shi. Wasa ne da kuskure ya fi dace yawa a cikinsa, domin mai bugun da ke dacewa sau uku cikin goma gwani ne. Kuma da wuya a fito daga makaranta a faɗa babban lig kai tsaye. Akwai ƙananan lig-lig hawa-hawa, inda yaro kan shafe shekara uku, huɗu, biyar yana hawan tsani, mafi yawa kuma a kan tsanin suke ƙarewa. Don haka wanda aka tura kallon ɗan shekara 17, amsar da ake jira daga bakinsa ita ce me yaron zai zama in ya kai 23.

An haifi Lucadello ranar 30 ga Yulin 1912 a Thurber ta jihar Texas, garin haƙar kwal da ya tara baƙi 'yan Italiya irin iyayensa, wanda yau ya zama kufai. A Shikago ya tashi. Burinsa ya zama ɗan wasa, a 1936 kuma ya samu gurbi a ƙungiyar Fostoria, a mataki mafi ƙasa na ƙananan lig-lig, yana tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku. Bai yi nisa ba. Ƙaninsa Johnny ne ya kai babban lig, ya buga wa St. Louis Browns, daga baya New York Yankees. Shi Tony ya shiga farauta ne ta hanyar shirya wa yaran unguwa gwaji, ya haɗa su ƙungiya, ya aro musu kayan wasa, ya gwada su da manyan ƙungiyoyin 'yan sa-kai na yankin. Cikin waɗanda ya kai wa Cubs akwai masu jifa Bob Rush da Jim Brosnan. A Fostoria kuma ya kafa gida, daga nan yake fita farauta har ƙarshen rayuwarsa.

Inda yake tsayawa

Duk wanda ya je wasan sakandare a Amurka da ake raɗe-raɗin akwai yaro mai kyau a cikinsa, zai tarar da mafarauta sun taru wuri guda a bayan mai bugu, kowa da littafinsa a cinya. Wurin yana da amfaninsa, daga nan ake ganin yadda ƙwallo ke lanƙwasa in ta baro hannun mai jifa. Yana kuma da illa. Mutum goma zaune kafaɗa da kafaɗa, suna hira, suna leƙen fuskar juna, kafin a tashi ra'ayinsu ya zama ɗaya.

Da wuya a ga Lucadello a nan. Yawo yake yi. Ya ɗan matsa gefen layi don ya ga fuskar mai bugu lokacin da ƙwallo ke tahowa. Ya koma bayan tashar farko ko ta uku don ya auna ƙarfin hannun masu tsaro, ya ga ko ƙwallon da suka wurgo tana zuwa a miƙe ko tana mutuwa a hanya. Ya tsaya a tsakiyar layi ya kalli mai jifa daga gefe, inda ake ganin takunsa da juyin ƙugunsa. Yakan ce kashi 87 cikin 100 na besbol daga ƙugu zuwa ƙasa ake yin sa. Ban ɗauka awo aka yi aka samo wannan adadi ba, ya fi kama da lissafin dattijon da ke son magana ta zauna a kunne. Amma abin da yake nufi a fili yake: hannu zai ƙara ƙarfi, ƙirji zai cika, yaron da ƙafafunsa ba su san inda za su tsaya ba kuwa, gyaransa da wuya.

Ya kasa abokan sana'arsa gida huɗu. Akwai marar tsari, wanda ke ɓata yini yana neman inda ake wasa saboda bai shirya tafiyarsa tun daga gida ba, ya ba irinsa kashi 5 cikin 100. Akwai mai tsintar aibi, wanda da ya ga rauni ɗaya a jikin yaro ya rufe littafi, duk sauran alherin bai gani ba, su ma kashi 5. Sai mafi rinjaye, kashi 85, masu yanke hukunci da abin da ya faru a gabansu: yaro ya buga hom-ron biyu yau, ai gwani ne, ya tashi a tutar babu, a manta da shi. Ragowar kashi 5 su ne masu hange, waɗanda ke kallon yaro su ga abin da zai iya nan da shekara biyu ko uku. Ba sai an tambaye shi a wane gida ya ajiye kansa ba.

Mai kiwon da ke shiga kara ya wuce bijimin da kowa ke tayawa, ya tsaya a kan wani ramammen maraƙi yana duba ƙashinsa da tsayin ƙafarsa, ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Sai dai shi mai kiwo shi zai ja maraƙin zuwa gida, ya ba shi dusa da harawa da hannunsa, ya jira. Mafaraucin 'yan wasa da an sa hannu a takarda yaro ya fita daga hannunsa. Wasu ne za su horar da shi, wasu ne za su yanke shawarar a jira shi ko a sayar.

Ido biyu ba sa cika jihohi. Yankin Lucadello ya haɗa da Ohio, Michigan, Indiana da kewaye, har ya tsallaka lardin Ontario a Kanada, saboda haka ya dogara da 'yan rahoto: kocin makaranta, alƙalin wasa, tsohon ɗan wasan da ya koma koyarwa. Amurkawa suna kiran irin waɗannan da sunan karen farautar da ke nuna wa maigidansa inda tsuntsu ya ɓuya. Yawancinsu ba su da albashin kirki, sai ɗan hasafi in yaron da suka nuna ya samu shiga. Yana kuma da wata al'ada da ta zama abin labari: yakan sunkuya ƙarƙashin bencin 'yan kallo yana tsintar sulallan da suka zube, ya tara, a ƙarshen kaka ya kai coci, yana ɗauka cewa shekarar da tsintuwa ta yi auki farauta ma za ta yi kyau. Camfi ne. Amma ina ganin yana da wani amfanin, domin tsohon da ke duƙe yana neman kwabo, wa zai iya cewa ga yaron da ya zo dominsa?

Kafin 1965 kasuwar a buɗe take. Duk ƙungiyar da ta shawo kan yaro da iyayensa, nata ne. Rabin aikin a fili ake yinsa, rabin a falon gidan mutane, ana shan gahawa da uba, ana kwantar wa uwa hankali cewa ɗanta ba zai lalace a hanya ba. Mutumin da ya shekara uku yana zuwa gidan, ya san sunan kowa, yana iya kayar da wanda ya zo jiya da jakar kuɗi. A irin wannan kasuwa Lucadello ya yi suna.

Jenkins, da sauran da aka saki

Chatham gari ne a kudancin Ontario, ba nisa da Detroit, wanda tun ƙarni na 19 ya zama mafakar bayin da suka tsere daga Amurka. Daga zuriyar irin waɗannan mahaifiyar Ferguson Jenkins ta fito. Yaro ne dogo mai son hokin ƙanƙara da ƙwallon kwando, a besbol ma ba da jifa ya fara ba, tashar farko yake tsaro. Gene Dziadura, malamin makaranta a garin kuma tsohon ɗan wasan ƙananan lig, yana cikin masu yi wa Phillies ido a yankin. Shi ya riƙe yaron yana koya masa jifa shekara da shekaru, har da sa shi faskaren itace don kafaɗa ta yi ƙwari. A 1962, da Jenkins ya gama sakandare, Lucadello ya sa shi ya rattaba hannu.

Jenkins ya shiga babban lig a Satumban 1965. Ranar 21 ga Afrilun 1966, bai fi wasa takwas ya buga wa Phillies ba, ta miƙa shi ga Cubs tare da Adolfo Phillips da John Herrnstein, wanda shi ma ɗaukar Lucadello ne. Ta karɓi masu jifa biyu da suka kwana biyu a harkar, Larry Jackson da ya kusa shekara 35 da Bob Buhl mai 37.

Gaggawar tana da tushe. A 1964 Phillies tana kan gaba da tazarar wasa shida da rabi, saura wasa 12 a rufe kaka, sai ta sha kashi sau goma a jere, kambun ya suɓuce. Ƙungiyar da ta ga haka ba ta da zuciyar jiran ɗan shekara 23, so take ta ci yau. Jackson ya yi mata kaka uku ba laifi, ya yi ritaya bayan 1968. Buhl bai kai ƙarshen 1967 ba. Jenkins kuwa, da kocin Cubs Leo Durocher ya mai da shi mai fara wasa, ya ci wasa 20 ko fiye a kowace kaka, shekara shida a jere, daga 1967 zuwa 1972. A 1971 ya karɓi kyautar Cy Young, wadda ake ba mai jifan da ya fi kowa a lig. Ya gama da nasara 284, a 1991 kuma ya zama ɗan Kanada na farko da ya shiga Zauren Gwaraza.

Da Jenkins kaɗai ne, da sai a ce tsautsayi. Alex Johnson, ɗan Detroit, an tura shi St. Louis a 1965, a 1970 ya zo na ɗaya a bugu a lig ɗin American, ɗaya daga cikin lig biyu (American da National) da suka haɗu suka zama babban lig, yana sanye da rigar Angels. Toby Harrah, ɗan ƙauyen Ohio da ba ƙungiyar da ta zaɓa a rabon 'yan wasa, Lucadello ya ɗauko shi a 1966, shekara guda bayan nan Washington Senators ta ɗauke shi daga ƙananan lig-lig na Phillies, ya je ya shiga wasan taurari, wato wasan da ake tara fitattun 'yan wasan shekara, sau huɗu. Larry Hisle na Portsmouth ya bar Filadelfiya a 1971, a 1977 ya fi kowa a lig ɗin American yawan makin da bugunsa ya kawo gida, 119, yana Minnesota. Grant Jackson, ɗan Fostoria, garin da Lucadello ke kwana ya tashi, an tura shi Baltimore a ƙarshen 1970, shi ne kuma mai jifan da aka rubuta wa nasarar wasa na bakwai a gasar World Series ta 1979, wato gasar ƙarshe ta cin kofin babban lig, yana Pittsburgh.

Lamarin Mike Marshall ya ɗan bambanta, kuma adalci ne a faɗa. Lucadello ya ɗauko shi daga Adrian ta jihar Michigan a 1960 a matsayin mai tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku, ba mai jifa ba. Sai bayan shekaru ya koma jifa, Phillies ta sayar da shi ga Detroit a 1966, a 1974 ya yi jifa a wasa 106 cikin kaka ɗaya yana Dodgers, tarihin da har yau ba a karya ba, ya kuma ci Cy Young. A nan mai hangen ya ga ɗan wasa, amma bai ga wurin da zai haskaka ba. Haka nan 52 cikin shekara 46 bai fi yaro ɗaya da ɗoriya a shekara ba, waɗanda ya ɗauko suka ƙare a kan tsani sun ninka haka. Ko gwanin gwanaye a wannan sana'a, kuskurensa ya fi dacensa yawa.

Duk da haka, in aka jera sunayen nan aka duba rigunan da suka yi suna a cikinsu, sai a ga mafarauci yana kashe nama, gida na kyautar da shi tun bai dahu ba.

Schmidt

A 1964 ƙungiyar Angels ta ba wani ɗalibin jami'a, Rick Reichardt, fiye da dala 200,000 don ya sa mata hannu. Masu ƙungiyoyi suka ga tseren kuɗin zai cinye su, suka kafa tsarin rabo bi da bi a 1965: ƙungiyoyin da suka fi shan kashi bara su ke fara ɗauka, yaron da aka ɗauka kuma ba ya ciniki da kowa sai wadda ta ɗauke shi. Wanda aka fara ɗauka a wannan tsari, Rick Monday, kusan rabin kuɗin Reichardt ya samu. Ga masu ƙungiyoyi biyan buƙata ne. Ga mutum irin Lucadello, an ƙwace masa rabin makaminsa. Shekara ukun da ya yi yana shan gahawa a falon mutane ba ta hana wata ƙungiya kiran sunan yaron minti ɗaya kafin tasa. Abin da ya rage masa biyu ne: ya ɓoye abin da ya gani, ya kuma shawo kan shugabanninsa.

Schmidt ɗan Dayton ne, a makarantar Fairview ya yi sakandare. Tun yana can aka yi masa aiki a gwiwoyi biyu, shekararsa ta ƙarshe kuma bugunsa bai burge kowa ba. Ba ƙungiyar da ta neme shi. Ya tafi Jami'ar Ohio da ke garin Athens, ya shiga ƙungiyar makaranta a ƙarƙashin koci Bob Wren. Ga mai tsintar aibi, gwiwoyin sun isa hujja. Ga mai hukunci da abin da ya gani, bugun sakandaren ya isa. Lucadello ya samu labarin yaron tun yana ƙarami ta bakin wani ɗan rahotonsa a Dayton, bai kuma daina bibiyarsa ba. Da Schmidt ya fara fitowa a jami'a, har ƙungiyarsu ta kai gasar ƙarshe ta jami'o'in ƙasar a 1970, sai ɓoyon ya zama aiki mai zaman kansa. A yankin kowa ya san Lucadello, in aka gan shi sau uku a wasan yaro ɗaya, magana ta fita. Don haka daga nesa yake kallo, daga bayan shuke-shuke, daga inda sauran mafarauta ba za su hango shi ba.

Ya sa Paul Owens, shugaban sashen farauta da renon matasa na Phillies, ya zo ya gani da idonsa. Aka yi caca cewa gwiwoyin za su ci gaba da tsorata sauran ƙungiyoyi har zagaye na biyu, cacar kuma ta ci da ƙyar. A lamba ta 29 Kansas City Royals ta ɗauki wani ɗan sakandare daga Kalifoniya, George Brett. A ta 30 Phillies ta ɗauki Schmidt, aka ba shi dala 32,500.

A nan ne labarinsa ya rabu da na Jenkins. A tsakiyar 1972 Owens ya zama babban manajan ƙungiyar, wato mutumin da ya yarda da rahoton shi ne yanzu ke da wuƙa da nama. A ƙarshen shekarar ya tura Don Money, wanda ke tsaron tasha ta uku, zuwa Milwaukee, ya share wa Schmidt wuri. Kakar 1973 ta zo da abin kunya: Schmidt bai dace ko sau ɗaya cikin biyar ba, matsakaicinsa .196, masu jifa suka fitar da shi sau 136 ba tare da ya sa ƙwallo a fili ba. 'Yan kallon Filadelfiya, waɗanda ba a san su da sassauci ba, suka yi ta yi masa ihu. Yana ɗan shekara 23, daidai shekarun Jenkins lokacin da aka sake shi. Aka bar shi a wurinsa. A 1974 ya buga hom-ron 36, ya fi kowa a manyan lig-lig biyu, ya maimaita da 38 a 1975, da 38 a 1976.

An kafa Phillies a 1883, ta shekara 97 ba ta ɗauki kofin World Series ba. Ta ɗauka a Oktoban 1980, a kan Kansas City ta George Brett. A shekarar Brett ne gwarzon lig ɗin American, Schmidt da hom-ron 48 shi ne gwarzon lig ɗin National, shi ne kuma gwarzon gasar ƙarshen. Lamba ta 29 da ta 30. Ya sake zama gwarzon lig a 1981 da 1986, ya tara hom-ron 548, duk a riga ɗaya. Shi da bakinsa ya ce ba don Lucadello ba da bai zama ɗan Phillies ba.

Ban ga alamar idon Lucadello ya fi kaifi a 1971 fiye da 1962 ba. Ido ɗaya ne ya ga yaran biyu. Abin da ya canja shi ne wanda ke zaune a ofis lokacin da shekarar rama ta zo.

Na'ura, da katanga

Daga tsakiyar shekarun 1970 sana'ar ta sake sauya kama. A 1974 ƙungiyoyi da dama suka haɗa kuɗi suka kafa ofishin farauta na bai ɗaya, mai rubuta rahoto guda ya raba wa kowa, mafarauta da yawa suka rasa aiki. Na'urar auna gudun ƙwallo, irin wadda 'yan sandan hanya ke auna gudun mota da ita, ta shigo filaye. Rahoto ya ƙara komawa lambobi: baiwa biyar, wato iya bugu, ƙarfin bugu, gudu, tsaro da ƙarfin hannu, kowace a ba ta maki daga 20 zuwa 80, 50 ne matsakaicin ɗan babban lig. Maganar mafaraucin yanki kuma ba ta wadatarwa sai an turo mai sake dubawa daga sama, wanda zai ga yaron sau ɗaya ko biyu ya kwatanta shi da na sauran jihohi.

Lucadello bai ɗauki na'urar ba, bai kuma yarda da agogon auna gudu ba. Ba zan ce duk gaskiya tana wajensa ba. Na'ura ba ta son kai, ba ta tuna wanda ta dace a kansa ta manta da goman da ta kuskure, kamar yadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke yi, ƙungiyar da za ta zuba kuɗi mai yawa a kan ɗan sakandare kuma tana da haƙƙin neman ido na biyu. Matsalar ita ce duk waɗannan kayan abin da yaro ya yi yau suke aunawa. Mai sake dubawar da ya sauka daga jirgi ya kalli wasa ɗaya, tsarin aikin da kansa ya jefa shi cikin kashi 85 ɗin nan, komai basirarsa. Ɗan sakandaren Fairview mai tabon wuƙa a gwiwoyi biyu ba zai tsallake wannan rariya ba.

A shekarunsa na ƙarshe hankalinsa ya koma wani wajen. Yana ganin yaran Amurka sun daina wasan unguwa na safe zuwa magariba da ke gina hannu da ƙafa, saboda haka ya riƙa roƙon iyaye su gina 'yar katangar bulo a bayan gida, yaro ya riƙa jifanta da ƙwallo yana cafkewa kullum, ya kuma riƙa bugun ƙananan ƙwallayen roba don ido ya saba. Ya bi gidaje yana duba yaran da aka gina wa katangar. Wasu na ganin rigimar tsufa ce. Ni gani nake mutumin da aka hana shi jan maraƙi zuwa gida ne ya samo hanyar ba shi dusa tun kafin a kai shi kara.

A 1986 aka ba shi lambar gwarzon mafarauci na yankin tsakiyar Amurka. Zauren Gwaraza na Cooperstown yana da allunan 'yan wasa, koci-koci, alƙalan wasa da shugabannin ƙungiyoyi, ba shi da rukunin mafarauta, sai a 2013 aka buɗe musu wani sashen baje koli. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ita ma Phillies ba wadda ya sani ba ce. Iyalan Carpenter, da suka riƙe ta tun 1943, sun sayar da ita a 1981. Ta sake kaiwa World Series a 1983, Baltimore ta doke ta, daga nan ta fara gangara. A 1988 ta ƙare a ƙarshen rukuninta da nasara 65 da faɗuwa 96, aka kawo sababbin shugabanni da aniyar gyara sashen farauta. A farkon 1989 Lucadello, yana da shekara 76, ya gane cewa zamansa a ƙungiyar ya zo ƙarshe. Ranar 8 ga Mayu ya kashe kansa a wani filin besbol a Fostoria. Waɗanda suka san shi sun danganta abin da fargabar rabuwa da aikin da ya zame masa rayuwa gaba ɗaya. Daga baya aka sa wa filin sunansa.

Mako uku bayan haka, ranar 29 ga Mayu, Schmidt ya tara 'yan jarida a San Diego, ya sanar da ritayarsa yana kuka.

Cikin yaran ƙarshe da Lucadello ya ɗauko akwai Mickey Morandini, ɗalibin Jami'ar Indiana, siririn yaro marar ƙarfin bugu da Phillies ta samu a zagaye na biyar a 1988. Ya shiga babban lig a Satumban 1990, wata 16 bayan rasuwar wanda ya gano shi. Wannan karon an jira. A Satumban 1992, a wasa da Pittsburgh, ya fitar da mutum uku shi kaɗai a bugu ɗaya, abin da ba a gani sai jefi-jefi a tarihin wasan. A 1993 yana cikin 'yan Phillies da suka buga World Series, a 1995 kuma aka zaɓe shi wasan taurari.